Abin da Sakatare Bai Rubuta Ba

Ni aka miƙa wa biro.
Sakataren mazaɓa, Bajoga, bayan isha'i,
a shagon simintin Hammayo,
buhu ne kujera, fitilar waya ce farin wata.

Batu uku ne, in ji ciyaman:
kuɗin fosta, maganar Abuja, sai baƙi.
Kuɗin fosta bai ci minti biyu ba,
don babu.

Abuja kuwa, kowa gwani ne.
Junguɗo ya raba ƙasar nan da tsinken sakace:
wannan shiyya ta ci takwas, waccan ta yi haƙuri,
a ƙulla haɗaka, a janyo gwamna biyar,
mai sauya sheƙa a ƙyale shi, yunwa za ta dawo da shi.
Mutumin da nake bi kwano uku na masara
ya naɗa ministoci kafin shayi ya huce.
Na rubuta: An tattauna.

Sai baƙi.
Nan kowa ya gyara zama.

Bappayo ya ce bayan tasha ta cika,
na Diffa, na bakin tafki, na dutsen Gwoza da gudu ya kawo,
sun karya kuɗin dako,
buhun da muke saukewa ɗari
su a hamsin har da godiya.
A sa a manufa, in ji shi,
kowa ya nemi inda aka binne cibiyarsa.

Hajiya Dudu, shugabar mata, ta ajiye jaka a cinya.
Kafin ka kora, ƙidaya.
Akwatin firamare da ƙuri'a sha ɗaya muka faɗi,
kuma na Gwoza 'yan ƙasa ne, da katinsu a aljihu.
A kai taliya, a kai sabulu, a yi musu sannu da zuwa.
Kora ai ba ta ruɓewa,
a ajiye ta sai bayan rantsuwa.

Aka kwashe da dariya. Aka ce Dudu ta iya lissafi.
Na rubuta: An samu ra'ayi biyu.
Ban rubuta cewa ɗaya ne ba,
wani ya riƙo shi da sanda,
wata ta ƙunso shi a leda.

Ana cikin haka hadari ya karye.
Kwanon rufi yana da hujin da Hammayo ya sani tun bara,
kuma siminti ba ya gaisawa da ruwa.
Masu raba ƙasa suka ɗaga ƙafa, suna kare takalma.

Malam Ari ne ya shigo, mai gadi,
tampol a kafaɗa, tocila a baki.
Ya tashi ciyaman daga buhu ba tare da ya roƙa ba,
ya rufe, ya danne da bulo, ya tara bokiti.

Dudu ta ce, Ari, mutanenka wa za su yi?

Ya cire tocilar, ya goge ta a riga.
Hajiya, ni ba ni da kati.
Shekara tara nake ƙofar nan.
Duk zaɓe a ciki ake korata,
ni ina waje ina tsare muku babura.
In an gama, Alhaji, kuɗin watan jiya.

Ruwa ya ci gaba da magana a bokiti,
ɗis, ɗis,
shi kaɗai bai nemi izinin ciyaman ba.

Na rubuta: An tashi da addu'a.
Mahalarta, sha huɗu.
Na ƙirga inuwa a bango, sha biyar,
na bar sha huɗun yadda take.

Muka hau babura, duk suna nan, ko madubi bai ɓata ba.
Bayanmu na ji ƙarar kwaɗo.
Makullin shagon da muke yanke wa ƙasa hukunci
a wuyan Ari yake kwana.